A Fara Lissafi Da Harshen Da Yaro Ke Ji

Ka ba yaron Dannet jika biyu ya sayo sabulu uku a kasuwar Arlit. In ya dawo da canjin dala 40, nan take zai ce maka kowane sabulu dala 120 ne. Amma ka rubuta masa tambayar da Faransanci a allo, ka ce ya nemo x, sai ya yi tsuru-tsuru. Alhali abin da ya warware a ka shi ne 3x + 40 = 400.

A ganina, ba lissafin ke kayar da yaranmu a BEPC ba, harshen tambayar ne. Shi kansa Al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza a ƙarni na 9, da kalmomi ya yi bayani, babu x ko ɗaya.

Tun da aka rufe Cominak a 2021, gurbin aiki ya yi ƙaranci, mara takarda kuma shi ake fara turewa. Malamai, ku fara ba da labarin da Hausa ko Tamajak, yaro ya gane abin da ake nema, sannan a sa masa suna x.