Koyar da lissafi da Turanci zalla: yaya makomar ɗalibin Bacirawa?

A watan Nuwamban 2025 ne Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin koyarwa da harshen uwa da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2022 a zamanin Malam Adamu Adamu. Yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin farko. Hujjar ministan ita ce ɗaliban yankunan da suka rungumi harshen gida suna faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

An yi ta muhawara kan makomar Hausa da sauran harsuna. Abin da ba a cika taɓawa ba shi ne lissafi da kimiyya, kuma nan ne matakin zai fi cizo a wurare irin su Bacirawa da ke arewacin Kano.

Yaron karkara ba ya zuwa makaranta da kai wayam. Yarinyar da ke tallar gyaɗa tana ba da canjin naira dubu ba tare da ta ɗaga yatsa ba. Ɗan manomi ya san kwano nawa ke cika buhu, ya ga yadda ake fitar da zakkar hatsi, ɗaya cikin goma idan noman damina ne. Wannan ai shi ne kaso da rabawa. Amma da zarar malam ya juya ga allo ya fara rubuta ƙa'ida da Turanci, sai yaron ya koma haddar kalmomin da bai san ma'anarsu ba. Yana da lissafin a ka, harshen ne ya tsaya tsakaninsa da shi.

Hujjar ministan tana da rauni ta wani gefen. Waɗanda suka zauna jarrabawar WAEC a 2025 sun bar firamare tun kafin a kawo tsarin na 2022, don haka da wuya a ɗora masa alhakin faɗuwarsu. Tsarin ma bai samu isassun littattafai da horar da malamai ba har aka soke shi. Gaskiya ne iyaye da yawa suna son 'ya'yansu su iya Turanci, kuma suna da hujja, domin da shi ake jarrabawa da neman aiki. Sai dai koyar da Turanci daban, koyar da raba lambobi da Turancin da malamin kansa ke fama da shi daban.

Kano ba ta buƙatar zuwa nesa neman misali. A 2019 hukumar SUBEB ta jihar, tare da British Council da TaRL Africa, ta fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, domin 'yan aji huɗu zuwa shida. Salon ya samo asali ne daga ƙungiyar Pratham ta Indiya: a gwada kowane yaro, a haɗa shi da waɗanda suke matakinsa ko da ba ajinsu ɗaya ba, a fara daga inda ya tsaya. Ana ɗaure tsinke goma-goma, yaro ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa idan zai ɗebe bakwai daga ashirin da uku. A nan yake ganin abin da ake nufi da aro, kuma da Hausa ake yi masa bayani, Turancin yana tafiya a nasa darasin. Kayan aikin ba su wuce abin da ke zube a gona bayan girbi ba.

Haka kimiyya. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje tana da gwangwani da wake da ƙasa iri biyu, ta jigawa da ta fadama, yara su shuka su riƙa aunawa da igiya kowace safiya. Akwai randa, wadda tambaya ɗaya a kanta ta isa darasin mako guda: me ya sa ruwanta ke sanyi a tsakiyar bazara? Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, da wannan fahimtar ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Amma yaro ba zai yi hasashe ko ya musa wa abokinsa ba sai da harshen da yake iya gardama da shi. Aji na Turanci zalla a ƙauye yakan zama aji shiru.

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yunin 2024, kuma an fi ganin tasirinta a gyaran azuzuwa da kujeru da ɗaukar malamai. Waɗannan dole ne. Amma makarantun firamare a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke, SUBEB ce ke horar da malami, ita ke tura mai duba shi. Tana iya faɗa wa malamin Bacirawa ƙarara cewa ba laifi ya bayyana lissafi da Hausa sannan ya ba da kalmar Turancin, ta kuma kai salon Dawakin Tofa makarantarsa. Idan ta yi shiru, mai duba makarantu zai zo da umarnin Abuja a hannu, malamin kuma zai zaɓi abin da ba zai jawo masa takardar tuhuma ba.