Dashen Haƙori Zai Iya Jiran Haihuwa

Uwargida mai juna biyu, idan kina da giɓi a turamen sama kuma an ba ki shawarar dashen haƙori, a ganinmu ki dakata sai kin sauka lafiya.

Ga dalili. A saman waɗannan haƙora akwai kogo cikin ƙashin fuska, gefen hanci, wanda tantani siriri kamar na cikin ɓawon ƙwai ya lulluɓe. Idan ƙashin wurin ya zaizaye, sai likita ya ɗaga tantanin ya cusa garin ƙashi kafin a kafa haƙorin. Tantanin nan yakan yage, ko a hannun gwani. Ƙaramar yagewa ana like ta da faci mai narkewa da kansa, babba kuwa takan sa a ɗage aikin sai bayan watanni. Ga shan magani, ga hana fyace hanci kusan mako 2, alhali ciki kan zo da toshewar hanci.

Amma ciwon haƙori da kumburin dasashi ba a jira da su. Maigida, a kawo ta asibiti. Ana wankewa, a cike rami, har a cire, musamman daga wata na 4 zuwa na 6. Ki dai shaida wa likita kina da ciki.