Yaushe Aka Fara Gode Wa Yunwa?

Akwai wata cuta da ta kama bakin 'yan matanmu 'yan boko a nan Illela, wato ɗauko maganar Turawa ta "thanks to" a juye ta a ce "godiya ga". Sai ki ji yarinya ta gyara gyale tana yanga, wai "godiya ga rufe boda shinkafa ta gagari talaka." Haba jama'a!

Bature in ya faɗi haka dalili kawai yake nufi, wani sa'in ma gatse ne. Mu kuwa godiya nauyi gare ta, sai wanda ya yi maka alheri. Lokacin da gwamnati ta rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ciniki tsakaninmu da Kwanni ya tsaya, masu fura da ƙosai na bakin kasuwa suka ji jiki. Don Allah wace ce a cikinsu ta gode?

Hausa ba ta talauce ba. In alheri ne ki ce albarkacin: albarkacin damina gero ya yi araha. In musiba ce, ga sanadiyyar, ga sakamakon. In tsaka-tsaki ne, saboda ta ishe ki.

Abin da ɗiya ta ji a bakin uwa shi take ɗauka. In ta saba gode wa abin da ya cuce ta, gobe da wane baki za ta koka? Allah Ya sa mu gyara, amin.