Ajiya Maganin Wata Rana: Jan Hankali Ga Masu Aiki Da Kwamfuta

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne wani al'amari da ya auku a unguwarmu ta Hanwa, a nan Zariya, wanda har yanzu ya ƙi fita daga raina. Wani ƙanena, malamin makaranta, wanda ya shafe shekara huɗu yana fama da binciken digirinsa na uku, ya yi mini sallama bayan isha'i, kwamfutarsa a hammata, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya ce tun da rana ta fara wani ɗan ƙara daga ciki, can sai ta ɗauke, ta ƙi tashi, kuma mai gyara ya tabbatar masa cewa ma'adanar bayananta ta mutu. A cikinta akwai babi biyar na kundinsa, da hirarrakin da ya naɗa da dattawa a ƙauyuka daban-daban, waɗanda biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya tsira kawai shi ne babi biyu da ya taɓa aika wa malamin da ke duba aikin ta imel, su ma a tsohuwar sigarsu.

Da na tambaye shi ko bai ajiye kwafi ba, sai ya ce ai ya ajiye, yana cikin D. Wannan amsa ita ta fi tayar mini da hankali, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba. Masu gyara kan raba ma'adanar kwamfuta gida biyu, C da D, su ce wa mai ita ya riƙa zuba kayansa a D don kada su salwanta ranar da aka sake sa mata babbar manhaja. Shawarar tana da amfani a wannan fuska, amma C da D ɗaki biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ranar da rufin ya rufta, duka yake haɗawa.

Ko shakka babu, Zariya gari ne da arzikinsa yake cikin takarda. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, da harabobinta na Samaru da Kongo, ga asibitin koyarwa a Shika, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ban da lauyoyi da akantoci da masu zanen gine-gine. Takardun da a da ake ɗaurewa a fayil a jera a kabad, yau duk sun koma cikin kwamfuta: sakamakon jarrabawar ɗalibai, bayanan marasa lafiya, takardun shari'a, lissafin albashi, taswirar filaye. Abin takaici shi ne, da yawa daga cikinmu kwafi ɗaya tak muke da shi na waɗannan abubuwa, a cikin kwamfutar da muka saya ta hannu, wadda ba mu san shekara nawa ta yi tana aiki a Turai kafin ta iso gare mu ba, kuma muna amfani da ita a cikin ƙurar hunturu da zafin bazara da wutar lantarkin da ba ta da tabbas, ban da ɓarayi.

Abin mamaki kuma, kakanninmu da ba su da injin ɗab'i, balle kwamfuta, sun fi mu gane wannan lamari. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na ƙanensa Abdullahi da na ɗansa Muhammadu Bello sun iso gare mu ne saboda almajirai sun zauna da tawada da alƙalami sun kwafe su, wani ya kai nasa Sakkwato, wani Kano, wani ya kawo Unguwar Juma ko Kona a cikin birnin Zariya. Idan gara ta cinye na wannan gida, ko gobara ta lashe shi, akwai wani a wancan gari. Da masana suka tashi tattara tarihin Arewa a shekarun 1960, a ƙarƙashin shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, abin da suka yi shi ne bin gidajen malamai suna ɗaukar hoton rubuce-rubucen, wato ƙara yawan kwafi. Haka nan a Tumbuktu ta ƙasar Mali, lokacin da 'yan bindiga suka ƙona kimanin littattafai 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba a watan Janairun 2013, mafi yawan taskar garin ta tsira ne saboda an riga an kwashe ta a ɓoye zuwa Bamako. Darasin guda biyu ne: a yawaita kwafi, kuma kada a tara su wuri ɗaya.

To, mai karatu, aikin da almajiri kan yi wata guda yana yi, yau kwamfutarka za ta yi maka shi kana shan shayi, kuma ba sai ka sayi wata manhaja ba, domin kamfanonin da suka ƙera babbar manhajar sun sa abin yin sa a ciki. Mai amfani da Windows yana da abin da ake kira File History, wanda ya fara zuwa da Windows 8 a 2012, kuma yana nan a cikin Windows 10 da 11. Abin da ake buƙata shi ne ma'adanar waje, irin wadda ake jonawa da waya. Idan ka jona ta, sai ka shiga Control Panel, ka nemi File History, ka zaɓi ma'adanar, ka kunna. Daga nan, muddin tana jone, duk bayan awa ɗaya kwamfutar za ta kwafe duk abin da ya canja a wuraren da aka saba ajiye takardu da hotuna da abin da ke kan fuskar allo, kuma kana iya mayar da lokacin minti goma ko sau ɗaya a rana. Babban alherinsa shi ne ba ya share tsohon kwafi don ya sa sabo. Idan yau ka gane cewa gyaran da ka yi wa babi na uku ranar Talata ɓarna ce, kana iya komawa ka ɗauko shi yadda yake ranar Litinin. Sai dai a kula, abin da aka ajiye a wajen waɗancan wurare, kamar a cikin D, ba ya taɓa shi sai an shigar da shi cikin jerin abin da zai riƙa kwafewa.

Masu kwamfutar Apple kuwa suna da Time Machine tun 2007, wanda ke riƙe kwafin kowace awa na yini guda, da na kowace rana na wata guda, da na kowane mako na abin da ya gabaci haka, har ma'adanar ta cika. Bugu da ƙari, Windows na iya tura takardu zuwa rumbun intanet na OneDrive, inda ake ba da gigabait 5 kyauta, Google kuma na ba da 15. Wannan ba zai ɗauki bidiyon biki ba, amma ya ishi kundin digiri da takardun ofis na shekaru.

Na san za a ce ma'adanar waje tana da tsada a wannan zamani da Naira ta faɗi, ga kuɗin data. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma mutumin da ya iya sayen kwamfuta, yake canja wayar hannu duk bayan shekara biyu, bai kamata ya ce ya kasa sayen abin da zai kare masa aikin shekara huɗu ba. A tambayi ƙanena nawa zai biya a yau a dawo masa da muryoyin dattawan nan biyu. Wasu kuma kan ce ai suna da filash. Filash ɗin da ke rataye da makullin mota, ake cusa shi a kowace kwamfuta a shagunan buga takardu, shi ne ya fi komai saurin ɓata da kwasar ƙwayar cuta, kuma sai ka tuna kake zuba masa abu, alhali mantuwa ita ce asalin matsalar. Akwai kuma masu cewa abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Haka ne, amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana ɗaukar sababi, kuma bai dace mu laƙaba wa ƙaddara sakacinmu ba.

Kada kuma a ɗauka wannan ciwon talaka ne kawai. A watan Satumban 2025 gobara ta tashi a cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon, ta cinye rumbun da ma'aikatan gwamnati ke ajiye takardunsu, mai ɗauke da kimanin terabait 858, sai ga shi babu kwafinsa a wani wuri, wai saboda ya yi girma da yawa. A Amurka kuwa, a 1998, wani kuskure ya share mafi yawan aikin fim ɗin Toy Story 2 daga kwamfutocin kamfanin Pixar, da aka koma ga kwafin ajiya sai aka tarar ya daɗe ba ya aiki yadda ya kamata ba tare da an lura ba. Abin da ya cece su shi ne kwafin da wata ma'aikaciya mai jego ta ajiye a gida don ta riƙa aiki daga can. A watan Mayun 2017 kuma ƙwayar cutar WannaCry ta kulle bayanai a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, masu ita suna neman kuɗin fansa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Daga waɗannan misalai ake gane hikimar ƙa'idar da masana suka daɗe suna faɗa: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ma'adanar wajen da ke cikin jaka ɗaya da kwamfuta, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su tare, wadda kuma ke jone dare da rana, cutar da ta kulle kwamfutar na iya kulle ta. Saboda haka a riƙa cire ta idan ta gama, a ajiye ta a wani ɗaki, mafi muhimmancin takardu kuma a tura su rumbun intanet, ko a bar kwafi a gidan ɗan'uwa amintacce. Sannan ko sau ɗaya a wata a gwada dawo da takarda ɗaya daga cikinta, a buɗe a gani, don kada a yi ta ajiya a randar da gindinta ya fashe.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kulawar da ya saba yi wa Windows 10, don haka mutane da dama za su kai kwamfutocinsu a sake musu babbar manhaja, ko su canja wata. A irin wannan rana ake yawan asara, domin maganin farko da wasu masu gyara suka sani shi ne share komai a fara daga farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin kwamfuta ta bar gida zuwa shagon gyara, a tabbata an kwafe abin da ke cikinta.

Daga ƙarshe, ina kira ga hukumomin manyan makarantunmu da su sa wannan darasi a cikin bitar da ake yi wa sababbin ɗaliban manyan digirori, malaman da ke duba kundi kuma su riƙa tambayar ɗalibi ina kwafinsa kamar yadda suke tambayar babi na gaba. Shugabannin ofisoshi da asibitoci da ɗakunan lauyoyi su mayar da shi doka, a ɗora wa wani takamaiman ma'aikaci alhakinsa, domin bayanan da ke hannunsu amanar jama'a ce. Masu gyara su ma su ji tsoron Allah, kada su share ma'adanar kowa sai sun tambaye shi ko yana da kwafi. Ƙanena dai ya koma ya fara rubutu daga babi na uku, da sabuwar ma'adana a gefensa, amma abin da dattawan nan biyu suka gaya masa sai ɗan abin da ya iya tunawa. Kai da taka kwamfutar ke tashi lafiya a yau, minti goma kacal aikin zai ɗauke ka. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma kare mu daga da-na-sani.

Daga Hanwa, Zariya.