Martani ga Masu Yabon Fina-finan Fulci

'Yan uwa malamai da iyalanmu, wata magana ta fara samun gindin zama a bakin wasu masu ilimi a cikinmu: wai fina-finan ban tsoro na ƙasar Italiya, masu cike da jini da gawawwaki masu tafiya, fasaha ce mai zurfi, kuma duk wanda ya ƙyamace su rashin wayewa ke damunsa. Na ji ta daga bakin wani abokin aiki a ɗakin malamai, ranar da muka karɓe waya a hannun ɗalibi ɗan shekara 13 muka tarar da ɗaya daga cikinsu a ciki. Ban yarda da ita ba, kuma ga dalilaina.

Jagoran wannan salo shi ne Lucio Fulci, wanda aka haifa a birnin Rum a 1927, ya rasu a 1996. Ya daɗe yana shirya fina-finan barkwanci kafin ya juya ga na jini. A 1978 aka nuna wani fim na George Romero, Ba'amurke, a Italiya da sunan Zombi, ya kawo kuɗi masu yawa. Shekara ɗaya bayan haka aka fito da na Fulci, aka raɗa masa Zombi 2, alhali ba ci gaban wancan ba ne. Tun daga sunan, kasuwa ce ta haifi wannan salo.

Masu yabo sun fi kafa hujja da L'aldilà na 1981, labarin wani tsohon otal a jihar Luiziyana da aka gina a kan ɗaya daga ƙofofin wuta guda bakwai. Labarin ba shi da kai ba shi da gindi, sai su ce ai haka mafarki yake. Ba zan tauye wa kowa haƙƙinsa ba: kiɗan Fabio Frizzi yana ratsa jiki, kuma Giannetto De Rossi gwani ne wajen kwalliyar raunuka. Amma mu tambayi kanmu inda kyamara take tsayawa. A Zombi 2 tana tsayawa ne a kan tsinken katako yana shiga idon mace a hankali, ba ta kau da kai. A L'aldilà tana tsayawa a kan gizo-gizo suna cin fuskar mutum da ransa. Labarin yana wucewa da gudu, yankan nama kuwa ana ba shi lokacinsa cikakke, domin shi mai kallo ya biya kuɗi ya gani. Gwanintar mahauci ba ta mayar da mayanka ɗakin karatu.

Akwai kuma abin da ya fi ci mini rai. Kalmar zombi daga Haiti ta shiga duniyar fim, ƙasar jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A can tana nufin gawar da boka ya tayar domin ta yi masa bauta ba tare da hankali ko zaɓi ba. Tsoron mutanen da suka ga bauta ne, cewa ko mutuwa ba za ta 'yantar da su ba. Fulci ya ɗauki wannan ciwo ya kai shi wani tsibiri na ƙage a yankin Karebiyan, ya bar ganguna suna kaɗawa daga nesa a matsayin ado, ya zubar da ma'anar.

Kada a ɗauka ina kiran a ƙona komai. Ingila ta gwada wannan hanya a farkon shekarun 1980, hukuma ta fitar da jerin fina-finai 72 da ake iya gurfanar da masu sayar da su, har da uku na Fulci. Jerin ya zama talla, matasa suka shiga farautarsu. Abin da ya ɗore shi ne dokar 1984 da ta wajabta tantance kowane kaset da rubuta masa iyakar shekaru. Yau ana sayar da ukun nan na Fulci a can da tambarin shekara 18.

To, in masu sha'awarsu a Turai sun yarda ba na yara ba ne, da wace hujja malami zai kare su a wayar ɗan shekara 13? Mai tura fim a bakin kasuwa ba ya tambayar shekarun kowa, kuɗinsa kawai yake karɓa. Baligi ya kalli abin da ya zaɓa, tsakaninsa da lamirinsa. Yaron da ke ajinmu kuwa amana ce. Mu duba wayoyin 'ya'yanmu, mu tambaye su abin da suka gani ba tare da tsawa ba, mu kuma kai maganar taron iyaye da malamai na wannan zango.