Hunturu Ya Buɗe Kwazazzabon Kola, Ina Iyalanmu?

A ƙarshen watan Disamba, da 'yan makaranta suka samu hutu, na shirya iyalina za mu tashi daga Garwa zuwa Gidar, tafiyar kimanin kilomita 100 ta arewa. Maƙwabcina ya gan mu da asuba muna loda goran ruwa da tabarmi a mota, sai ya ce, "Malam, biki ne ko rasuwa?" Na ce masa dutse za mu je gani. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ashe dutse ya ƙare a Garwa?" Dariyar tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na san yawancinmu Hausawan Kamaru haka za mu amsa. Ba mu san tafiyar iyali ba sai ta suna, ko aure, ko gaisuwar mutuwa, ko asibiti.

'Yan kilomitoci kaɗan daga garin Gidar akwai wurin da ake kira kwazazzabon Kola. Nan ne kogin Mayo Luti, wanda ya gangaro daga duwatsun Mandara, ya ratsa wani makeken dutse ya tsaga shi. Mutum yana tafe a fili, sai kawai ya ga ƙasa ta buɗe baki. In ya sauka, zai tsinci kansa a wani lungu mai yashi a ƙasa, ganuwar baƙin dutse mai ratsin fari dama da hagu, ta ninka tsayinsa sau da yawa. A jikin dutsen akwai ramuka masu santsi kamar cikin turmi. Ruwa ne ya fafe su: tsakuwa takan faɗa ɗan gurbi, igiyar ruwa ta riƙa juya ta damina bayan damina, har gurbin ya zama tukunya.

Wannan wuri ba ya karɓar baƙi kowane lokaci. Da damina kogin yakan cika ya haɗiye lungun, wanda ya shiga kuwa ya sayar da ransa, don ruwan da aka yi can kan duwatsu yana iya isowa a guje alhali sama garau take a inda kake tsaye. Da bazara, a watannin Maris da Afrilu, zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, dutsen ya zama kasko. Saura hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa ya janye, iska ta yi sanyi, rana ta yi laushi saboda hazo. Lokacin da muke ƙudundune a ɗaki muna jin ɗumi, muna ƙorafin ɗari da kaushi, shi ne lokacin da ƙasar nan ta fi buɗe wa mai tafiya da ƙafa.

Ra'ayina shi ne, ya kamata magidantanmu su mai da irin wannan fita al'ada, ko da sau ɗaya ne a shekara, da uwargida da yara har da kaka in tana da sauran ƙarfi. Dalilina na farko tarihinmu ne. Ƙafa ce ta kawo mu wannan ƙasa. A ƙarni na 19, bayan kafuwar masarautar Fombina ta Modibbo Adama, fataken Hausa suka riƙa ratso waɗannan duwatsu da koguna da jakuna da kaya a ka, har Ngaundare da Tibati da Banyo. Madugu ya san mashigin kowane kogi, ya san watan da ake haye shi da watan da ake jira, ya san inuwar da ayari zai yada zango. Jikokinsu ne mu, amma yau saninmu na ƙasa ya tsaya tsakanin gida da shago da tasha. Yaronmu zai lissafo maka dogayen gine-ginen Dubai daga wayar hannu, ka tambaye shi inda ruwan Binuwai ya fito ya yi zuru.

Dalili na biyu ya fi ci mini rai. Mu 'yan tsiraru ne a nan, kuma kowannenmu ya taɓa jin tambayar nan mai ɗaci, "Ku asalinku 'yan ina ne?" ko da kakansa a unguwar aka binne shi. Takardar ɗan ƙasa tana amsa wa hukuma, amma ba ta amsa wa zuciyar yaro. Yaron da ya taka yashin Mayo Luti, ya hau dutsen ya goge gwiwa, ya ci ƙosai a kasuwar Gidar, ya gaisa da mutanen wurin da ɗan Fillancin da ya iya, ba zai ƙara jin kansa ɗan ci-rani ba. A can ƙasan kwazazzabon na nuna wa yarana ɗan ruwan da ya rage, na ce musu wannan zai faɗa Mayo Kebi, Mayo Kebi ya faɗa Binuwai kusa da gidanmu, Binuwai ya wuce Yola ya haɗu da Kwara a Lokoja. Ban taɓa ganin sun fahimci taswira kamar ranar ba. Gani ya kori ji.

Na san abin da za a ce. Wasu za su kira shi yawon banza, aikin Turawa masu kuɗin ɓatarwa. Ai mu ne muka ce tafiya mabuɗin ilimi, ba Turawa suka ara mana ba. Kuma abin da iyali za su kashe a kuɗin mota da guzurin yini ɗaya bai kai na ankon biki guda ba. Wasu za su ce mata ba su da abin yi a daji. Uwargidana ce ta fi kowa jin daɗin ranar, ta ce rabonta da ta ga sararin sama ba katanga tun tana budurwa. Mace da mijinta da 'ya'yanta a fili da rana tsaka, ban ga inda mutunci ya zube ba.

Maganar tsaro ita ce mai nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Rikicin Boko Haram ya kashe kasuwar yawon buɗe ido a jihar Arewa Mai Nisa, har wurare irin su Rumsiki da gandun dajin Waza suka yi kewar baƙi, kuma satar mutane don kuɗin fansa ta addabi wasu dazuzzukan jihar Arewa. Saboda haka kada kowa ya tashi sai ya tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki a wannan makon. A tafi da safe, a dawo kafin la'asar sakaliya, a haɗu gida biyu ko uku, a nemi ɗan jagora daga 'yan wurin. A riƙe ruwan sha isasshe, a sa wa yara takalmi mai kama ƙasa maimakon silifas, a shafa musu man kaɗe. Kada a bar su su yi wanka a kududdufan da kogi ya bari, don a irin ruwan nan mai kwanciya ake kwasar tsargiya.

Akwai kuma ladabin baƙo. Wurin yana da masu shi, Gidarawa da maƙwabtansu da suke zaune gefensa tun kafin zuwanmu. A yi musu sallama, a biya jagora haƙƙinsa ba tare da ciniki irin na kasuwa ba, a kwashe leda da robar ruwa a koma da su, kada a kankare suna a jikin dutse. Yadda muka bar wurin, haka za a tuna da Bahaushe.

Da muka fito, autana ya ja rigata ya ce, "Baba, shekara nawa ruwan ya yi yana wannan aiki?" Na ce masa ya fi ƙarfin lissafina, sai mu tambayi malaminsu in an koma makaranta. Har yau bai manta da tambayar ba, kuma ya riga ya faɗa wa 'ya'yan maƙwabcin namu cewa baɗi tare za mu je. Wanda ke Ngaundare yana da magangarar ruwan Vina da ta Tello a kusa da shi, kowa ya duba abin da ke gefen garinsu. Hunturu ba ya daɗewa, 'yan uwa. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.