Yaron da ke ɗaure kalangu ma ya cancanci liƙi

1/ Jama'a, kaka ta yi, an kai gero da dawa rumbu, ƙauyukanmu na wajen Bichi, Dambatta da Minjibir sun fara dambe da kalankuwa. Ina da magana kan wani da ba a taɓa yi wa kirari a filin: yaron makaɗi mai gyaran kalangu.

2/ Tun hantsi yake aiki. Ya duba kango ko ya tsage, ya bi tsarkiya ɗaya bayan ɗaya, wadda ta saki ya ja, wadda ta tsinke ya sauya. In fata ta huje, ya jiƙa sabuwa, ya kankare gashin, ya ɗaura, ya jira ta bushe.

3/ Yanayi ma abokin faɗansa ne. Da damina laima na sa fata ta saki, sai an gasa ta a rana ko gefen wuta. Da hunturu kuwa bushewa take yi har ta tsage. Ba na'urar awo, kunne ne kawai da yatsa.

4/ Da yamma a buga, ɗan dambe ya yi tsuma, a yi wa makaɗi liƙi. Yaron yana gefe da jakar kayan gyara. Abin da maigida ya ga dama shi ne rabonsa.

5/ A Amurka, bikin kiɗan bazara na Tanglewood yana ɗaukar masu koyon gyaran piyano, kayan kiɗa mai mabuɗi 88 da waya sama da 200. Su ma sammako suke yi su daidaita sauti kafin makaɗa su iso. Bambancin? Can ana ce masa sana'a, ana zuwa makaranta dominsa.

6/ Mamman Shata ya rasu a 1999, har yau muna jin kalangunsa. Tsakani da Allah, wa ya san sunan ko mutum ɗaya cikin masu ɗaure masa su?

7/ Yanzu DJ ya cinye bikin aure. Yaro ya ga ba kuɗi, ba girma, ya ajiye fata ya kama acaɓa. In tsofaffin suka tafi, kalangu sai dai a hoto.

8/ Shawarata: masu shirya wasa su ware wa mai gyara kasonsa tun kafin a fara, sanƙira ya ambaci sunansa a fili. Mu ɗalibai kuma da ke neman abin rubuta kundin kammala digiri, ga shi nan a ƙofar gida. Ku je da waya ku naɗi aikin tsofaffin nan tun suna raye.